Neman Bawa Bahago

Ohayo, Amurka
3 ga Maris, 1975

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigida Malam Hayatu da yara da duk mutanen Gidan Dare. Ni lafiya lau, sai mura da ta kwantar da ni kwana huɗu, ta kuma tafi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, don rabon da mu haɗu tun ina sakandare. Amma kakanki da kakana ciki ɗaya suka fito, kuma a dangi kaf ba wanda ya kai ki naci in kin sa abu gaba. Shi ya sa na zaɓe ki.

Aikin digirina na uku a kan tarihin wani wasa ne da ake kira besbol. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya maka masa gora, ya ruga ya zagaye tasha huɗu kafin a dawo da shi. Ƙwallon bai fi lemon zaƙi girma ba, amma tauri gare shi kamar dutse. Mutanen nan suna rubuta tarihin wasan yadda muke rubuta na sarakuna. Ni abin da nake bi shi ne yadda sojoji suka kai shi wasu ƙasashe lokacin yaƙin duniya na biyu.

Makon jiya na je gidan tsofaffi wajen wani tsohon soja baƙar fata, Mista Wilis. Da ya ji garinmu sai ya damƙe hannuna ya ce, "Ka san Bawa?" Ashe a 1944 sansaninsu a Indiya yana maƙwabtaka da na sojojinmu masu kula da alfadarai. Akwai wani Basakkwace bahago da ke tsayawa yana kallon wasansu. Rannan ƙwallo ya gangaro gabansa, ya ɗauka ya mayar daga can ƙarshen fili, sai da hannun wanda ya cafe ya kumbura. Suka jawo shi ciki. Wasa bakwai ya yi musu jifa, in ji Wilis, kuma da ƙyar wani ya taɓa ƙwallonsa da gora.

Yaya, babu littafi ko ɗaya da ya ambaci mutumin nan. Ina so in zama na farko. Don Allah ki nemo mini shi, in yana raye. Ki gaya masa wani Ba'amurke yana nemansa a kan abin da ya faru a Indiya.

Ƙanenki,
Siddiƙu


Gidan Dare, Sakkwato
19 ga Afrilu, 1975

Ƙanena Siddiƙu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Zafi ne kawai ya matsa mana, ƙaramar ɗiyata ta yi ƙyanda amma ta tashi. Maigida na gaishe ka.

Na yi kuskure na karanta takardar gaban Baffa Gidaɗo. Ya ce yau ga abin kunya, gwamnati ta kwashi kuɗin mai ta kai jikan malamai Amurka ya koyo wasan yara. Ya ce in rubuta maka haka, ga shi na rubuta. Ni dai dariya na yi.

Ka san Bawa nawa ne a garin nan? Duk ranar da aka tashi makaranta da wuri sai in rufe ofis in fita nema. Tsofaffin sojoji na zama gindin wata bishiyar bedi kusa da kasuwa, can na fara. Bawa tara suka lissafa mini, huɗu sun rasu, sauran duk da hannun dama suke cin tuwo. Har na miƙe sai wani mai ido ɗaya ya ce in leƙa Unguwar Rogo, akwai mai ɗinkin buhu da ake kira Dodo. Ya ce shi dai bai ce komai ba, amma tafiyar mutumin ta soja ce.

Na same shi a zaurensa cikin tarin buhuna, dogo, siriri, basilla a hannun hagu. Muka gaisa sosai, har ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce sunansa na yanka fa? Ya ce Bawa. Murna ta kama ni. Na fito da takardarka na karanta masa ƙarshenta, yadda ka rubuta.

Ya soke basillar a jikin buhu. Can ya ce, "Ba ni na ba, ɗiyata. Ban taɓa shiga soja ba, ban san Indiya ba. Ki tahi gida rana ta yi."

Na fito ba daɗi. Sai dai lokacin da na ambaci Indiya na ji matarsa ta yi salati a bayan zana, irin salatin da ake yi in an ji mutuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Zan koma.

Yayarka,
Zulaihatu


Ohayo
12 ga Mayu, 1975

Yaya Zulaihatu,

Gaisuwa mai yawa, da yi wa yarinya sannu. Ina lafiya. Ki ce wa Baffa na ji saƙo, Allah ya ƙara girma.

Shi ne, Yaya, jikina ya ba ni. Wataƙila kunya yake ji a ce dattijo kamarsa ya taɓa wasa. Malamin da ke duba aikina ya ce maganar tsoho ɗaya ba ta zama tarihi, sai na kawo shaida ta biyu, in ba haka ba in cire babin. Ba zan cire ba.

Ga hoto nan Wilis ya ara mini, shi kaɗai gare shi, ki riƙe shi da kyau. Dubi na ƙarshe daga hagu, wanda ba takalmi. Ki nuna masa, ki je da rikoda. Ina jiran amsa.

Siddiƙu


Ohayo
21 ga Satumba, 1975

Yaya Zulaihatu,

Ina fata kuna lafiya, kuma ana shan ruwa lafiya. Ni ma ina azumi, ni kaɗai a gidan da nake haya.

Wata huɗu ke nan ba amsa. Na san an yi juyin mulki, na san gidan waya ya rikice, amma takardun wasu suna zuwa. In Baffa ne ya hana ki, ko ke ma kin koma ganin aikin nawa wasan yara ne, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Ki dai dawo mini da hoton, don mai shi yana tambaya. In ta kama in sayar da agogona da rediyona in zo Sakkwato da kaina, zan zo.

Siddiƙu


Gidan Dare, Sakkwato
26 ga Oktoba, 1975

Siddiƙu,

Mun yi salla lafiya, ina fata kai ma haka. Yara lafiya. Maigida ne dai sai a hankali. A watan jiya muna buɗa-baki muka ji an karanta sunansa a rediyo cikin waɗanda aka sallama daga aiki. Shekara goma sha tara, ba a kira shi an tambaye shi komai ba. Ba ka tambaya ba, amma ga shi na gaya maka.

Babu wanda ya hana ni. Ban rubuta ba ne don ban san abin da zan ce maka ba. Da na koma Unguwar Rogo da hotonka, zaure a rufe na tarar. Matarsa Kaltume ta dube ni ta ce, "Kin kore shi, mi kika so kuma?" Ashe washegarin zuwana ya haɗa 'yan kayansa ya bar gari. Wata shida tsohuwar nan tana sayar da ƙuli-ƙuli tana ci da kanta, saboda layi ɗaya da ka rubuta ni kuma na karanta.

Sau shida ina komawa kafin ta yarda ta dubi hoton. Ta ɗora yatsa a kansa ta yi kuka, sannan ta faɗa mini ƙauyen da yake, can bayan Kware. Malam Hayatu da ya kwana biyu ba ya fita ko ƙofar gida, shi ya ce in hau babur mu je. Muka same shi a gona yana yankan gero. Da ya gan mu bai gudu ba. Ya ajiye lauje ya miƙo hannuwa biyu ya ce, "In kun zo da 'yan sanda, ku kira su, na gaji."

Sai da maigida ya rantse masa sannan ya zauna. Ga abin da ya ce, na ɗauka a kaset:

"Wasa na bakwai muna cikin yi, sai ga sajenmu Bature da bulala. Yac ce wa yab ba mu izinin shiga sansanin Amurkawa. Abokina Jibrin na zaune bakin hili, kallo kawai shikai. Yah hau shi da bugu har ƙasa, yas sa mai takalmi ga wuya. Ni ko ƙwallo na hannuna. Tun ina yaro nika koran tsuntsaye ga fadama da hoge, ban jihwa in kuskure. Nij jehe shi. Yah hwaɗi, jini na hita ga kunnenai. Nig gudu cikin alfadarai. Da asuba anka kwashe mu zuwa yaƙin Bama. Ban sake jin labari ba, amma na san abin da hannuna yay yi."

Siddiƙu, shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana ɗauke da gawa a kansa. Sau uku yana azumin kaffara, wata biyu-biyu a jere. Bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ya yi soja ba. Ko sahun gaba ba ya shiga a masallaci. Kai kuwa ka aiko a ce masa ana nemansa a kan abin da ya faru a Indiya.

Ya ƙi komawa gida. Ka je ka tambayi Wilis ɗinka abin da ya sani, ka bar zancen wa ya fi wa jifa.

Zulaihatu


Ohayo
23 ga Nuwamba, 1975

Yaya Zulaihatu,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ki yi wa Malam Hayatu jaje, Allah ya musanya masa da mafi alheri. Ki yafe mini takardar da na rubuta a Satumba. Na karanta taki sau uku, kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Washegari na hau bas na je wajen Wilis. Ya ɗan sami shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ba ta fita sosai, amma hankalinsa garau. Da na gaya masa abin da Bawa ya ɗauka, ya buga hannunsa mai lafiya a kan kujera ya yi ta cewa, "Bai mutu ba! Wallahi bai mutu ba!" Wallahin nawa ne, amma haka rantsuwarsa take nufi.

Ya ce sajen ya farfaɗo kafin a kawo motar asibiti. Muƙamuƙinsa ne ya karye. Da hafsoshi suka zo bincike, Wilis ya san in aka ce baƙin sojan Ingila ne ya jefi Baturensa, harbe shi za a yi. Sai ya fito ya ce shi ne, ƙwallo ne ya kuɓuce masa. Sauran 'yan wasan duk suka ce haka aka yi. Aka cire masa igiya biyu na muƙaminsa, aka kulle shi kwana talatin.

Na ce me ya hana ka gaya mini tun farko? Ya ce, "Ƙwallo nawa ya jefa ka tambaye ni, da yadda yake riƙe shi. Na amsa maka." Gaskiyarsa. Wata tara ina zaune gaban mutum da littafin rubutu, ban taɓa tambayarsa me ya sa wasan ya tsaya a na bakwai ba.

Ki kai wa Baba Bawa wannan labari da gaggawa. In ya yarda, ki aiko mini da kaset ɗin.

Ƙanenki,
Siddiƙu


Gidan Dare, Sakkwato
11 ga Janairu, 1976

Ƙanena,

Muna lafiya, mun gode da jaje. Maigida ya fara sarin shinkafa da wani abokinsa, jikinsa ya dawo. Komai ya wuce tsakanina da kai.

Mun je. Na karanta masa, da zumuɗina, ina jiran ya yi hamdala. Ya saurara har ƙarshe yana murza zangarniyar gero a tafinsa. Sannan ya ce, "Wilis mutumin kirki na, tun can haka shike. Ya ji ina cikin wahala, shina son ya sanyaya min rai. Ni nig ga jinin da idona."

Na ce to me zai sa ka yarda, Baba? Ya ce Turawa ko alfadari ya mutu sai sun rubuta. In da gaske sajen ya tashi, akwai takarda. A kawo masa ita da hatimi.

Ya kuma ce kada a sa sunansa a littafi, yana da jikoki. Don haka kaset yana cikin akwatina, na kulle. Ba zan aiko ba, kada ma ka roƙa. Kai ne malamin tarihi, an ce aikinku ke nan tono takardu. To ka tono. Kaltume ta rame, kullum tana zaune bakin zaure. Ni na buɗe wannan magana da bakina, kuma ba zan huta ba sai tsohon nan ya kwana ɗakinsa.

Zulaihatu


Ohayo
4 ga Afrilu, 1976

Yaya Zulaihatu,

Ina gaishe ku duka. Ina lafiya, sai idanu da suka yi ja don karatu. Kin ji ni shiru, ban so in rubuto hannu wofi ba ne.

Na rubuta wa ma'ajiyar takardun soja, suka amsa cewa fayil ɗin Wilis yana cikin waɗanda gobara ta cinye. Na rubuta Ingila sau biyu, suka ce ba sa buɗe takardun mutum sai ga danginsa. Malamina ya kira ni ya ce karatuna zai ƙare a Yuni, in bar babin nan in gama sauran. Na ce masa ko babin ba zai shiga ba sai na nemo takardar, don yanzu ba ta littafi ba ce kaɗai. Ya dube ni ya ce in je, amma kada in ce bai gaya mini ba.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar laburare ce ta tuna mini cewa kowace runduna tana da rahoton da take cikawa kullum da safe, kuma ba wuri ɗaya aka ajiye su da fayilolin mutane ba. Na yi tafiyar kwana ɗaya da wuni a bas zuwa inda aka ajiye rahotannin. Wilis bai tuna watan ba, ya dai ce ana ruwa. Na fara daga Mayu, shafi-shafi, a wata na'ura da ake leƙawa kamar mai duba rijiya. Kwana goma sha ɗaya. Ranar ta goma sha biyu, wajen azahar, na ga sunan Wilis.

Layi biyar ne kacal. An rage masa muƙami an tsare shi kwana talatin saboda sakaci a wajen wasa, wanda ya jawo wa wani sajen Ingila karayar muƙamuƙi. A rahoton mako uku bayan nan kuma an rubuta cewa sajen ya fito daga asibitinsu ya koma bakin aiki, har da lambar motar da ta mayar da shi.

Na fita waje na zauna kan matakala. Ga kwafin shafukan biyu nan, na sa sun buga hatimi a kowanne. Na fassara a baya, amma ki sa wani daban ya karanta masa Turancin, kada ya ce ni ma sanyaya masa rai nake yi.

Zancen suna, yadda ya ce haka za a yi.

Siddiƙu


Gidan Dare, Sakkwato
16 ga Mayu, 1976

Ƙanena Siddiƙu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, an yi ruwan farko shekaranjiya. Allah ya yi maka albarka.

Takardun sun iso ranar Laraba, Alhamis muka tafi. Bai yarda da ni ba, bai yarda da maigida ba. Malamin firamaren ƙauyen ya sa aka kira, wanda bai san komai a kan maganar ba. Ya karanta ya fassara. Baba Bawa ya ce ya sake. Ya sake. Ya karɓi takardar ya shafa hatimin da babban yatsa, ya ce, "Ya koma aiki?" Malamin ya ce haka aka rubuta. "Da ƙahwahunai?" Ya ce a mota dai aka kai shi, amma da ransa.

Na zaci zai yi kuka ko ya yi sujada. Sai ya tashi ya shiga bukka, muka ji yana haɗa kaya. Ya fito ya ce wa maigida, "Malam, babur ɗinka na ɗaukar mutum ukku?"

A motar kasuwa muka dawo. Da muka sauka na nufi hanyar Unguwar Rogo, ya ce a'a, Ƙofar Taramniya tukuna. Muka bi shi lungu-lungu har wani tsohon gida, ya yi sallama ya ce yana neman Uwani. Wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda. Ashe ƙanwar Jibrin ce, abokin nan nasa da aka buga. Jibrin bai dawo daga Bama ba. Abin da danginsa suka samu kawai shi ne an ce ya ɓace. Uwarsu ta rasu tana cewa a bar masa ɗakinsa. Shi kuwa Bawa a hannunsa Jibrin ya cika, shi ya haƙa ramin, amma duk shekarun nan yana wuce ƙofar gidan ba ya iya shiga, don in ya faɗa an san ya je yaƙin.

Ya durƙusa a gabanta, tsoho da shi, ya gaya mata komai. Zazzaɓi ne, a bakin wani kogi, ranar Juma'a. Ya yi kalmar shahada. An yi masa wanka, mutum shida suka yi masa salla.

Uwani ta gyara riƙon sandarta. Ta ce, "An rufe shi da likkafani?" Ya ce da bargon Jibrin da nasa aka rufe shi. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Sannan ta ce, "Ka daɗe ba ka zo ba, Bawa." Ya ce, "Na daɗe." Ta juya ta ce a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a gaya wa maƙwabta, yau za ta karɓi gaisuwar ɗan'uwanta.

Mun zauna tare da su har la'asar. Daga nan muka raka shi gida. Abin da ya wakana tsakaninsa da Kaltume ban tsaya gani ba.

Jiya ya aiko a kira ni. Zaure a buɗe, yana ɗinki. Ya ba ni saƙo biyu. Na farko ga Wilis: a ce masa kwana talatin ɗin nan ya ji, ba shi da abin biya, amma ya sa shi cikin addu'a tare da iyayensa. Na biyu gare ka. Ya ce ka rubuta sunansa cikakke, Bawa ɗan Ibrahim, na Unguwar Rogo. Amma sai ka fara rubuta Jibrin ɗan Mamman na Ƙofar Taramniya, da abin da aka yi masa a bakin filin, da inda yake kwance. In babu wuri a littafin besbol ga mutumin da kallo kawai ya yi, to shi ma a cire shi.

Na ce masa za a samu wuri. Na faɗa da bakina, Siddiƙu, don haka ka samo. Kaset da hoton suna cikin wannan ƙunshi.

Yayarka,
Zulaihatu